Raifil ɗin Yaya Tatsuji

Kowace Asabar, bayan ya kai kayan gonarsa kasuwar ƙungiyar manoma, Kenzo Hosomi yakan tsaya a shagon bindigogi na Ogino. Ba ya sayen komai. Yakan zauna a kujerar ƙarfe da ke bakin ƙofa, ya shanye shayin da aka ba shi, sannan ya ce, "To, a fito da ita ta sha iska."

Ogino yakan yi tsaki, ya buɗe akwatin ƙarfe, ya ɗauko raifil ɗin, bindiga mai cin dogon zango, ya kwantar a kan ƙyallen tebur. Kenzo sai ya miƙe, ya haɗa hannayensa a baya, ya sunkuya yana kallo. Doka ba ta yarda mutum ya taɓa bindigar da ba shi da izininta ba, ko da a cikin shago ne, kuma Ogino ba ya wasa da wannan. Katakon bindigar ya yi duhu a inda kunci yake kwanciya. Akwai ƙarzuwa biyu a jikin madubin hangenta. Kenzo ya san su kamar tafin hannunsa, amma bai taɓa riƙe ta ba.

Ta yayansa ce, Tatsuji, wanda ya shugabanci maharban ƙauyenmu shekara talatin, har ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, shekara biyar da suka wuce. Ya miƙa ta ga Ogino da sharaɗi guda: a ajiye wa ƙanensa.

Ba a ba mutum izinin raifil sai ya riƙe bindiga mai watsa harsashi shekara goma a jere, ba yankewa. Kenzo kuwa ya fara a makare. Ya yi aiki a masana'antar ƙarafa a Amagasaki har ya kai shekara hamsin da bakwai, ya dawo gida ya tarar aladun daji sun mayar da gonar mahaifinsu tasu. Ya sayi wata tsohuwar bindiga mai baki biyu, irin mai watsa harsashi, a wurin Ogino, ya shiga ƙungiyar maharba. A kakar da nake magana, saura wata goma sha huɗu ya cika goma.

Idan muka fita farauta, masu karnuka ne suke koro aladu da bareyi daga ƙasan kwari, sauran kuma kowa ya tsaya a wurin da aka ba shi. Manyan aladu sun san hanyarsu. Sukan bi gangaren da ke ƙetaren rafi su haye ta wata mashiga tsakanin duwatsu, kuma wuri ɗaya ne ake iya samun su daga shi, wani tudu da muke kira Hancin Dutse. Daga can zuwa mashigar mita ɗari biyu ne. Mai baki biyu ba ta kai hamsin. Wurin Tatsuji ne. Tunda ya kwanta ba wanda ya tsaya a can, domin ba sauran mai raifil a cikinmu. Kenzo yakan tsaya a gindin rafi, cikin gora, yana jin aladun suna wucewa ta samansa.

Ana sabunta izinin bindiga duk shekara uku. Matarsa Fumie ce take rubuta ranakun gidan a kalandar kicin, kuma ita ce ta tura shi sau biyun da suka wuce. A tsakiyar Agusta 'yarsu Chiho ta haifi tagwaye a Nagoya, aka yi mata aiki, Fumie ta tafi ta zauna da ita. Kenzo ya yi girbin shinkafa shi kaɗai. Takardunsa duk sun kammala tun watan Yuli, da ta likita da ta kwas ɗin sabuntawa, suna cikin ambulan a kan firji. An haife shi ashirin ga Oktoba. Ranar shida ga Oktoba ya saka riga mai tsabta, ya tafi ofishin 'yan sanda yana ganin ya ma yi sammako.

Jami'in da ke kula da bindigogi ya buɗe littafin izinin, ya duba, ya sake dubawa.

"Baba, ka ga nan?" Ya juyo masa da shafin. "Ana karɓar takardun sabuntawa daga wata biyu kafin ranar haihuwa zuwa wata ɗaya kafin ta. An rufe tun watan jiya."

"Ai saura mako biyu."

"Wannan lissafin lasin tuƙi ne, Baba. Na bindiga daban."

Kenzo ya tambaya ko akwai abin da za a yi. Jami'in ya tambaye shi ko ya kwanta asibiti, ko ambaliya ta tare masa hanya. Kenzo ya ce shinkafa ya yanka. Jami'in ya rufe littafin a hankali, ya bayyana masa cewa ranar haihuwarsa izinin zai mutu, sai ya kai bindigar shago, ya nemi sabo. Za a ba shi, ba matsala.

"Shekarun fa?"

"Daga farko, Baba. Yi haƙuri."

Da rana ya kira Fumie. Yana jin kukan jarirai a bayanta.

"Na zagaye maka ranar da jan biro, Baban Chiho! A shafin Satumba!"

Ya ɗaga ido ya dubi kalandar. Tana nan a watan Agusta.

"Ban juya shafin ba," ya ce.

Sai ta tambaye shi ko yana cin abinci.

Bai jira Asabar ba. Washegari ya kai mai baki biyun shagon Ogino cikin jakarta. Tare suka yi firamare, don haka Ogino bai tausasa masa ba.

"Kai, Ken, ashe wannan kan naka na ɗora hula ne kawai. Mata ta yi tafiyar wata biyu, sai ka zubar da shekara tara? Da ta yi wata uku ai da gidan ma ka manta inda yake."

"Zuba shayi."

Ogino ya zuba. Daga nan ya shiga ciki ya fito da wata sabuwar bindiga baƙa, mai baki ɗaya da madubin hange, ya ajiye kusa da tsohuwar.

"Tunda sabon izini za ka nema, ka zaɓa. Ga tsohuwarka, ka san halinta. Ga wannan. A takarda mai watsa harsashi ce, amma dunƙule ɗaya take harbawa, kuma daga nesa kowa zai rantse raifil ce. Tana kai mita ɗari idan iska ta yarda."

"Rabin hanya."

"Rabin hanya. Amma ka fita daga cikin gora."

Kenzo ya kalle ta na ɗan lokaci. "Mayar da ita. Ba na son bindiga mai kwaikwayon wata. Rubuta mini tsohuwar."

Ogino ya rubuta. Bai ɗago kai ba ya ce, "Akwai maganar Ashida."

Kumiko Ashida ma'aikaciyar ƙungiyar manoma ce, shekararta arba'in da huɗu, kuma ta riga Kenzo shiga cikinmu da shekara biyu. Ita ce take tsayawa a sama da shi a bakin rafi.

"Tun bara ta cika goma," in ji Ogino. "Sau biyu tana zuwa neman raifil. Na nuna mata sababbi a hoto. Idonta yana kan akwatin nan, amma ba ta ce komai ba, don ta san taka ce."

"Ba tawa ba ce."

"To ta wa? A takarda tawa ce, a baki taka ce. Idan ka ce in jira goma, zan jira. Sai dai ka sani shekaruna sittin da shida kamar naka, kuma ɗana ya ce ranar da na mutu zai mayar da shagon nan wurin wankin mota."

Kenzo bai ce a fito da ita ba a ranar.

Ranar Lahadi ya je gidan kula da tsofaffi, kamar yadda ya saba. Tatsuji yana kan keken guragu a bakin taga, bargo a cinyarsa. Bakinsa ya karkace, amma magana tana fita, kuma tambayarsa ta farko ba ta canzawa.

"Saura nawa?"

"Goma."

"Sha huɗu dai. Ko ƙirga ma ka kasa?"

"Shekara goma, Yaya."

Ya faɗa masa komai a taƙaice. Tatsuji ya saurara har ƙarshe. Hannunsa mai lafiya yana murza bakin bargon.

"Tun kana yaro haka kake," ya ce. "A aike ka sayen gishiri, ka dawo da kwaɗo a aljihu."

"Haka ne."

"Saba'in da shida ke nan."

"E."

"Za ka iya hawa Hancin Dutse kana saba'in da shida?"

"Kai ka hau kana saba'in da huɗu."

"Ni ne fa." Tatsuji ya yi wani abu mai kama da dariya, ya goge bakinsa. "Na ce taka ce. Ban janye ba. Kar wannan ɗan kasuwar ya ruɗe ka, in ya gaji da shafa mata mai ya faɗa."

Kenzo ya ji daɗin maganar fiye da yadda ya zata. Ya ɓare lemun da ya kawo, ya riƙa miƙa wa yayansa ɓari ɓari. Daga tagar ana hango tsaunin, ganye ya fara ja daga sama.

"Wa zai tsaya a can bana?" in ji Tatsuji.

"Ba kowa."

"Kamar bara."

"Kamar bara."

Tatsuji ya mayar da idonsa ga tagar. Ya ci gaba da kallon tsaunin, lemun yana hannunsa bai kai baki ba, har ma'aikaciya ta zo ta ce lokacin wanka ya yi.

Kenzo ya yi kwana tara bai je ko'ina ba sai gona. Ya cire baƙin wake, ya ɗaure, ya loda. A rana ta goma ya kai kaya ƙungiyar manoma, ya tarar da Ashida a bakin sikeli.

"Kawu Hosomi, na ji labari. Sannu."

"Duk gari ya ji. Wannan Ogino bakinsa ba ƙofa." Ya ajiye kwandon. "Ki je wurinsa ki cika takardu. Raifil ɗin Yaya nake nufi."

Ta ajiye biron da ke hannunta. "Kawu, zan iya sayen wata. Ba sai an..."

"Na san za ki iya. Wata bindigar ba ta san Hancin Dutse ba."

"Shugaba Tatsuji ya yarda?"

"Ya ce tawa ce. To, na ba ki. Auna mini waken nan, rana tana yi."

Lahadin da ta biyo ya gaya wa yayansa. Tatsuji ya zage shi tas, ya kira shi sakarai, sannan ya ce a faɗa wa yarinyar cewa bindigar tana ɗan jan hagu idan ta yi sanyi, ta kuma bar alade ya shiga mashigar sosai kafin ta taɓa kunama.

Izinin Kenzo ya fito a Disamba, na Ashida a ƙarshen Janairu. Ranar da ta karɓi raifil ɗin Kenzo bai je shagon ba.

Lahadin farko ta Fabrairu muka fita mu takwas. Dusar ƙanƙara ta rufe gangaren. Kenzo ya tsaya a wurinsa cikin gora, mai baki biyun a hannu. Wajen ƙarfe tara karnuka suka tayar da haushi a ƙasa. Ya ji aladen kafin ya gan shi: babba ne, baƙi, yana haurawa ƙetaren rafi ba gaggawa, nesa da inda harsashinsa zai kai. Ya bi shi da bakin bindiga har itatuwa suka ɓoye shi, sannan ya sauke.

Ƙara ɗaya ta fito daga sama, busasshiya, ta bugi duwatsu ta dawo.

Rediyon da ke ƙirjinsa ya yi ƙara. "Ashida ce. Ya faɗi a mashiga. A kawo igiya, ya fi ƙarfin mutum biyu."

Kenzo ya cire harsasansa, ya rataya bindigar, ya ɗauki igiya. Hanyar mashigar ta Hancin Dutse take bi, kuma hawan ya ɗauke shi minti arba'in, ya huta sau uku. Ko da ya isa, Ashida ta riga ta gangara wurin aladen. Ba kowa a tudun sai sawun takalmanta biyu a ƙanƙara, kusa da wani lafaffen dutse da ya kai ƙugu.

Ya tsaya a gefen sawun. Daga nan kwarin duk a buɗe yake: rafin, gorar da ya shekara tara a cikinta, rufin gidajen ƙauye can ƙasa. Mashigar tana daidai gabansa, ƙarama, a fili, mutane suna taruwa a bakinta kamar tururuwa. Ya ɗora gwiwar hannunsa a kan dutsen. Tsayin ya yi masa daidai.

"Kawu Hosomi!" Muryar Ashida ce daga ƙetare, ba ta rediyo ba. "Igiyar fa? Ko sai mun rubuta maka a kalanda?"

Dariyarmu ta iso masa a makare. Ya ɗaga hannu alamar ya ji, amma bai motsa nan da nan ba. Sai da aka sake kiransa ya gyara igiyar a kafaɗa, ya fara gangarawa.