Kashin Damisa

Aikina tsintar kashi. Dokta Gershon ya ce in daina faɗin haka, wai ni "fil asistan" ce. To. Fil asistan mai tsintar kashin damisa a dutsen bayan Kagoro, ta zuba a kwalba. A lab, ɗakin gwaji, suke duba shi su gane wace damisa ta yi, ba tarko, ba taɓa ta. Kwalba talatin muka aika, amsa ɗaya ta dawo: mace ce, ita kaɗai ta rage.

Sai kashin ya ɓace mana wata biyu. Dokta ya ce zai yi sanarwa a coci, mafarauta su taimaka.

Na ce, "Sa, ka ce tutu. Nan ba mu raba kashi na bayan gida da ƙashi na jiki. Bakinmu ɗaya yake fitar da su."

Ya ce, "Keziya, ina da digiri uku. Ba zan ce tutu a gaban bagadi ba."

Ran Lahadi ya tashi da kwat: duk wanda ya kawo kashin damisa zai sami satifiket.

Laraba da rana ina gindin dutse na ji bindiga. Na hau da gudu. Baba Simon maharbi ya harbi damisar a ciki, ba ta mutu ba. Ta ja hanjinta ta faɗo masa, ta tauna masa hannu ɗaya, ta yage kumatunsa har ina ganin haƙoran gefe. Ƙannensa biyu suka rufe ta da adda. Ina ihu su bari, suna sara. Sai da kanta ya rabu da jiki.

A kan ƙofar langa-langa aka sauko da su, shi da ita. Dokta ya fito da kofin shayi.

Baba Simon, jini na bin wuyansa, ya ce, "Likita, ga shi duka. Ka cire wanda kake so. Na ƙafa ya fi kyau."

Dokta ya yi Turanci mai tsawo, sannan ya yi amai a takalminsa.

Ni na juya damisar. Nonuwanta cike suke, na matsa ɗaya, ruwa ya fito.

"Baba, a wane kogo ka same ta?"

Ya nuna da hannun da ya rage masa lafiya. Na zubar da kwalaben da ke cikin kwalina, na ɗau kwalin, na koma sama neman 'ya'yanta.