Farashi ta Taga

Mutumin da bai hana maƙwabcinsa komai ba sai tsallake ƙofar ɗakinsa, me za a ce ya yi masa? Abin da Ooi ya sani shi ne, ga shi kuma a tsaye a bakin tagar maƙwabcinsa tsoho Yeoh, da jar rigarsa ta neman sa'a, yana karanto masa farashin hannun jari da ƙarfi kamar mai talla.

"Siminti ya tashi. Katako ma haka."

"Ɗaga murya, matsoraci," in ji Yeoh daga ciki, tari na yanke masa magana. "Huhuna ne ya lalace, ba kunnena ba, amma ka tsaya kamar a wani gari."

A shekarar nan duk garin Penang ya koma zauren dillalan hannun jari, har masu sayar da taliya. Yeoh, tsohon mai gyaran keke, shi ya fara kai Ooi ainihin zauren, ya nuna masa yadda ake karanta allon farashi. Shi ne kuma ya koya masa dokar zauren: wanda ya shiga ɗakin mai jinya ko gidan gawa, ya kwaso faɗuwa a ƙafarsa.

Bee Choo, matar Yeoh, ta leƙo da kwanon kunun shinkafa.

"Shigo mana, ƙanena. Ka tayar min da shi zaune, bayana ya gaza."

"Yaya, kasuwa za ta buɗe. Sai da yamma."

"Bar shi," in ji Yeoh. "Ni na koya masa. Ɗalibi ne mai kaifin kai."

Da a ce zagi ne, da ya fi sauƙi. Amma har dariya tsohon ya yi.

Ranar Alhamis farashi ya yi tashin da bai taɓa yi ba a allon. Mutane a zauren na ta tafi, wata tsohuwa na rabon alewa. Ooi ya dawo da gasasshiyar agwagwa a leda, ya tarar an kafa rumfa ta tare rabin titi, ana sauke kujeru. Yeoh ya rasu. Bee Choo ita kaɗai ta juya shi, ita kaɗai ta rufe masa ido, kafin 'ya'yan su iso daga garin Ipoh.

Abin da ya fi ci wa Ooi rai shi ne tunanin da ya fara zuwa masa: ashe dokar ta yi aiki.

Ya shiga gidansa, ya ajiye agwagwar, ya sauya riga zuwa fara ta makoki. Ya daɗe a bakin ƙofar Yeoh kafin ya tuɓe takalmi.

Bee Choo na zaune kusa da akwatin gawar tana naɗe takardun zinariya da za a ƙona wa mamaci. Ba ta ɗago kai ba. Ta dai matsa kaɗan a kan bencin, ta turo masa rabin takardun.