Sunan da Ya Sauko Daga Dutse

"Na gaba!" Puleng ta ɗaga murya, tana gyara jar rigar wakilan ɗalibai da ofishin ɗaukar sababbin shiga jami'a ya ba ta. Aikin nata bai wuce tsara layi, duba takardu da murmushi ba. Murmushin ne ya fi ba ta wuya yau, don uku ta gota, ƙarfe huɗu kuma za a rufe rajista sai baɗi.

Wani dogon saurayi ya matso, lulluɓe da bargo irin na mutanen tuddai, takalmansa na roba duk laka. Ya miƙo takardunsa da hannu biyu.

"Abuti," ta ce, wato ɗan'uwa a yarensu, "takardar gurbinka ta ce Sefako, sakamakon jarrabawarka ya ce Tseliso. Wanne ne kai?"

"Sefako ne, ausi," ya amsa, wato 'yar'uwa. "Tseliso yaro ne. Bayan jarrabawa na hau dutse."

Nan take ta gane. Ya shiga horon zama namiji da ake yi wa samari a kan dutse, ya sauko da sabon suna, kuma don tsabar ji da kai da shi ya cike takardar neman gurbi. Kai, maza! Haushi da tausayi suka kama ta lokaci guda. Ta ja shi har ofishin shugabanta, Ntate Ramaili, wato Baba Ramaili, suka same shi yana fama da tuwon masara da ganye.

"Doka a fili take," in ji shi, ko kai bai ɗago ba. "Ya kawo wasiƙar sarkin ƙauyensu mai hatimi, cewa mutum ɗaya ne."

"Ntate, daga ƙauyenmu wuni guda ne a kan doki kafin a kai inda mota take tsayawa," in ji Sefako.

"To, sai baɗi. Tumaki ma suna bukatar mai ilimi."

Sefako ya fara naɗe takardunsa. Abin da ya ƙona wa Puleng rai ke nan, yadda ya haƙura nan take.

"Ntate, kana da ikon sa hannu a madadin sarki. Yana shafi na tara na littafin dokokin rajista, ni nake raba shi."

"'Yata, murmushi aka ɗauke ki yi, ba lauya ba. Koma layi."

Ba ta koma ba. Shekara biyu tana shiga ofishin nan, ta haddace bangonsa kaf. Ta nuna takardu biyu da ke rataye cikin gilashi a bayansa.

"Ta digiri ta ce Lefika Ramaili. Ta sakandare ta ce Motlatsi. Wa ya hau maka doki ya karɓo wasiƙar sarki, Ntate Motlatsi?"

Lomar da ke hannunsa ta tsaya a hanya. Sefako ma ya zaro ido, don mace ba ta tsoma baki a zancen dutse, balle ta kira dattijo da sunan yarintarsa.

"Ke! Kin san abin da kika faɗa?"

"Karantawa na yi. Kai ka rataye su."

Ntate Ramaili ya daɗe yana kallon saurayin, daga bargon har takalman. Can ya goge hannu, ya jawo takardar, ya sa hannu, ya buga hatimi da ƙarfin da sai da kwano ya yi tsalle.

"Je ka tebur na biyu, Sefako. Ke kuma cire rigar nan. Kin gama aiki."

Ta cire rigar, ta karkaɗe ta, ta rataye a kusurwar takardar Motlatsi.

A waje saura minti ashirin, mutum goma sha ɗaya na tsaye riƙe da takardu, ba mai kula su. Wata tsohuwa da ta rako jikarta ta dube ta.

"'Yar nan, ke ce mai dubawa? Ban ga rigarki ba."

Puleng ta nannaɗe hannun rigar sanyinta.

"Kawo nan, kaka. Na gaba, ya shirya!"