Akwatin Mutum Biyu

Tun da aka ƙona gawar mijinta Noboru, Fumie ba ta yi kuka ba. Ba dauriya ba ce, kukan ne bai zo ba, ita kuma ba ta je nemansa ba. Takan tashi ta dafa shinkafa, ta ɗibi kaɗan ta ajiye gaban hotonsa, ta cinye sauran ba tare da ta ji ɗanɗanon komai ba. Abu ɗaya ne kawai ya tsaya mata a rai: kukan akwatin ya fara ɓace mata a kunne.

Akwatin nan shi ne abin kiɗansu, ita da mijinta, tun suna da baƙin gashi. Noboru ne ya haɗa shi da kayan cikin tsohuwar rediyo da katakon akwatin lemo, ya kafa masa faranti biyu na tagulla a sama. Mutum ɗaya ba ya iya kaɗa shi. Sai wani ya ɗora tafinsa a farantin dama, wani a na hagu, su riƙe hannun juna, 'yar wutar batir ta ratsa jikinsu duka biyu, sannan ya buɗe baki. Kowace fata da irin kukan da take fitarwa. Aikin Fumie kuwa, bayan ba da hannu, shi ne tiren baƙar tawada da take ɗorawa a kan lasifika ta haska shi da fitila. Sauti ya girgiza tawada, haske ya ɗauki rawarta ya watsa a bango. In ita da Noboru ne, bangon yakan cika da zane irin na ɓawon kifi.

Matsalar ita ce Noboru mutum ne mai taurin kai na bugawa a jarida. Ya hana a ɗauki sautinsu, ya hana a ɗauki hoton bangon. Wai kiɗa ya kamata ya mutu a ɗakin da aka haife shi. Ya taɓa fizge rakodar wani ɗan jarida ya jefa a bokitin wanke kofuna, kuma matasan Osaka suka yi ta yaba masa a kan haka shekara da shekaru. Yabo ba wuya. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin wadda za a bari wata rana ba ta da ko minti ɗaya da za ta kunna.

Akwatin yana ajiye a Ramin Ɓera, gidan kiɗan da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, wanda tsoho Okuda yake riƙe da shi. Fumie ta gwada da hannun Okuda, mai gumi kullum, akwatin ya yi ihun da ya sa suka saki juna. Ta gwada da makaɗa da 'yan kallo da duk wanda ya leƙo ya yi mata gaisuwa. Wani ya ba da gurnani, wani fito, wani kuma kamar ana yaga tsumma. Ta yi wa kowa godiya ta koma gida.

Ranar da Shigeo, ƙanin mijinta, ya zo daga Akita don ya tafi da ƙasusuwan yayansa kabarin gidansu, Okuda ya bugo waya ya ce sam, ba za a wuce da Noboru ta saman kansa ba tare da an sauko da shi ya yi sallama ba. Hanyar tasha ce dama. Da hantsi suka sauka matakalar, Shigeo yana gaba rungume da ƙaramin akwatin ƙasusuwan da aka naɗe da farin ƙyalle. Manomin shinkafa ne, gajere, maganarsa ba ta da yawa. Tsakaninsa da Fumie babu faɗa, babu kuma wasan matar wa da ƙanin miji, gaisuwar sabuwar shekara ce kawai.

Okuda ya karɓi farin ƙunshin ya zaunar a kan kujerar da Noboru ya saba zama, ya zuba masa giyar shinkafa a ɗan kofi.

"Sha, ɗan rigima," in ji shi. "Yau dai ba za ka kore mini mutane ba." Ya juya ga Shigeo. "Malam manomi, ka taɓa jin kiɗan yayanka kuwa?"

"Sau ɗaya. Ranar bikinsu."

"Ya ka ji shi?"

"Mahaifiyarmu ta kwana da ciwon kai."

Okuda ya yi dariya har da tari. "Ka ji masu gaskiya. To zo ka sa hannu. Kare da doki na garin nan duk sun sa, saura kai."

"Ni ban iya kiɗa ba."

"Shi ma ai bai iya ba, kuma har ƙasashen waje aka kai shi."

Shigeo ya dubi agogonsa, ya dubi Fumie. Ita ba ta ce ya zo ba, ba ta ce kada ya zo ba. Ta dai zuba tawada a tire ta kunna fitila, don hannunta ya saba. Ta ɗora tafinta a farantin hagu ta miƙa ɗaya hannun, ba ta sa ran komai ba. Shigeo ya goge hannunsa a wando, ya ɗan rusuna yana neman afuwa, ya kama.

Tafinsa busasshe ne, mai kaushi, da faɗi a gindin babban yatsa.

Sautin ya taso daga ƙasa, can ƙasa, inda ciki ke fara ji kafin kunne. Sannan ya tsage biyu, ɗaya ya tsaya yana gurnani, ɗaya ya haura yana karkarwa kamar murfin tukunya a kan tafasa. Kofuna suka fara rawa a kan kanta. A bango, hasken ya tattaru, ya rarrabu, ya jeru layi-layi. Ɓawon kifi.

Okuda ya daina dariya.

Fumie ta tsaya cikin sautin. Shi ne, ba kama ba ce. Ta jira ƙirjinta ya buɗe, hawaye su zo. Babu abin da ya zo. Abin da ta sani kawai shi ne tana jin mijinta, kuma mutumin da ke riƙe da ita yana da tikitin jirgi a aljihu.

Ta gefen ido ta ga Okuda ya zaro wayarsa. Bai ɗaga ba tukuna, ya riƙe ta a ƙirji yana kallon Fumie. Shi ne mutumin da ya yi shekaru yana tsaye a ƙofa yana karɓe wa mutane rakoda da kyamara. Fumie ta dubi farin ƙunshin a kan kujera, da kofin da ba a taɓa ba. Ta san abin da Noboru zai ce. Ta ɗaga wa Okuda kai, alamar ya ɗauka.

"Yaya," in ji Shigeo ga Fumie da ƙarfi, don a ji shi. "Hannuna ya fara mutuwa."

"Ɗan ƙara kaɗan."

Ya ƙara. Gumi ya fara tsattsafo masa a tafi, sautin ya fara hawa, ya fara zama na wani. Ta ƙara matse shi ko zai dawo, bai dawo ba.

"Yaya, jirgi."

Ya zare hannunsa a hankali. Ɗakin ya yi tsit, tawadar ta kwanta, bango ya koma bango. Shigeo ya tsaya yana murza yatsunsa, kunnuwansa sun yi ja don kunya. Ya ɗauki ƙunshin ya rungume, ya ce kada ta wahalar da kanta, ya san hanyar tasha.

"Yaushe za ka sake zuwa Osaka?" ta tambaye shi.

Ya yi tunani da gaske, don ba mutum ba ne mai faɗin abin da ba zai yi ba. "Dashe ya kusa. Bayan haka kuma gwiwar nan tawa. Gaskiya ban ga abin da zai kawo ni ba, Yaya." Ya rusuna mata, ya rusuna wa Okuda, ya hau matakala da yayansa.

Suka zauna su biyu a bakin dandamali. Okuda ya ajiye wayar a tsakaninsu ya danna.

A fuskar wayar, bangon toka-toka ne, da wani haske yana ɓari a tsakiya. Gurnanin ƙasan nan bai shiga ba ko kaɗan. Abin da ya fito siriri ne, kamar sauro a cikin gwangwani, kuma da jirgi ya bi ta saman gada sai ya danne shi gaba ɗaya. Can aka ji muryar Shigeo sarai yana cewa hannunsa ya fara mutuwa.

Suka saurara har ƙarshe.

"Wayar banza," in ji Okuda, ba ya kallonta. "Kin ga abin da mahaukacin yake faɗa mana ke nan. Yi haƙuri, Fumi."

Fumie ta rufe ido ta nemi wanda ta ji ɗazu, na gaske, wanda ya girgiza kofuna. Ko shan shayi ba a yi ba tsakani. Ta neme shi a kunne, ta neme shi a tafin hannu. Duk inda ta laluba, sauron ne yake fitowa. Har ɗan guntun da ta zo da shi daga gida, wanda ta yi ta tattali, shi ma sauron ya zauna a gurbinsa.

"In goge?" Okuda ya tambaya.

Ta buɗe ido ta dubi wayar.

"A'a," ta ce. "Sake kunna mini."