Fim a Bakin Yabawa

Tun da yanar ido ta rufe mini gani, Yabawa matar ɗana ce ke kallon fim a madadina. Bayan la'asar, in ta dawo daga garka, sai ta jingina waya jikin tulu, ni ina jin murya, ita tana faɗa mini abin da ake yi.

"Inna, ga jarumin nan ya shigo. Dogo ne, babbar rigarsa har ƙasa, in ya harari mutum sai mutumin ya ja da baya."

Ni kuwa na riƙe shi hannu bibbiyu. Ranar da maƙwabciyata Balkisa ta ce bai iya komai ba sai ihu, cewa na yi ta tashi ta bar mini tabarmata.

Bana aka kai ni Damagaram aka yi mini aikin ido. Da muka dawo Gure, ban nemi komai ba sai a nuna mini jarumina.

Sai ga wani ɗan tsurut, riga ta yi masa yawa, gemun ma manna masa aka yi, gefe ɗaya na ɓallewa.

"Yabawa, wannan ne?"

Ta sunkuyar da kai tana dariya. "Inna, gani na yi kina jin daɗi."

Na gode wa Allah da ya maido mini gani. Na aika wa Balkisa dabino na ban haƙuri. Sannan na juya wayar wajen Yabawa, na rufe idon da aka sha wahalar buɗewa.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ɗauko daga inda ya shigo. Naki ya fi nasu."