Maganaɗisun Baba Tela

"Baba, ɗago kan nan!"

Maman 'yan biyu ta tsaya a bakin ƙofa da kwalbar magani a hannu. Baba Tela, maƙwabcinta, yana duƙe ƙarƙashin keken ɗinki yana laluben allura.

"To fa, Sajan ta iso," ya ce.

"Me likita ya ce maka?"

"Ya faɗi abubuwa da yawa."

"Cewa ya yi kada ka duƙa! Ido ɗaya ya rage maka, shi ma da bututu a ciki."

Sati uku ke nan da yi masa aiki. Hawan jinin ido ya cinye na dama, sai aka sa wa na hagu siririn bututu don ruwa ya riƙa fita. 'Ya'yansa suna nesa, shi ya sa ɗiga magani sau huɗu a rana ya faɗo kanta. Abin ya kai mata iya wuya. Ta hana shi duƙawa, ya koma murza idon. Ta hana shi murzawa, ya ce maganin yaji gare shi, ya ɓoye kwalbar cikin gwangwanin maɓallai.

Ranar ta ɗaure maganaɗisu da igiya, ta rataya jikin keken.

"In allura ta faɗi, ka jawo ta da wannan."

"Tsofai-tsofai da ni za a ba ni abin wasan yara?"

"In ka makance, ni ba zan yi maka jagora ba."

Ya yi ta mita, amma ya karɓa.

Da suka koma asibiti, likita ya auna ya ce idon ya kwanta, sai a ci gaba da magani. A hanya Baba ya dinga karanta allunan shaguna da ƙarfi, har ta rasa inda za ta sa kanta.

Bayan kwana biyu ta shigo da hantsi, ta tarar ya kifa kai a kan keken.

"Baba! Sau nawa zan faɗa?"

Bai ce Sajan ba. Ashe zuciyarsa ce ta tsaya.

Mijinta ya zo ya kwantar da shi, ya kai hannu zai rufe masa idanu.

"A hankali," ta ce. "Kada ka danna na hagun."

Ya dube ta. Ta kau da kai. Maganaɗisun yana nan jikin keken, allura uku manne da shi.