Zanen Ƙusa a Bayan Ƙofa

Jabiru ne da kansa ya buɗe wa Bara'atu ƙofar mota, abin da bai taɓa yi ba tun da ta auri wansa.

"A hankali, Yaya, akwai tudu. Minti uku kawai za su ba ki. Ki ce shekara talatin kika yi a layin nan, ruwa bai taɓa shiga gida ba. Halas, shi ke nan."

"Na ji," ta ce, tana gyara mayafi.

Zauren taron ya cika da mutanen unguwar Sa'alaba ta Jidda, maza dama, mata hagu. Can gaba 'yan kwamiti huɗu ne zaune, ga taswira a bayansu. Wani kamfani ne ya nemi izinin haƙa babbar magudanar ruwa, aka zana hanya biyu, ko ta bayan garejoji, ko ta layinsu. Inda aka tabbatar ambaliya na bi, nan za a rushe. Shi ya sa aka kira mazauna a ji ta bakinsu.

Gidan da ke tsakiyar layin, mijinta Mahmudu ne ya gina shi da guminsa na dako a Bab Makka. Da yake iƙama ce kawai gare shi, takardar zaman baƙi, sai aka rubuta takardar gida da sunan Jabiru, ƙaninsa na uwa ɗaya, wanda ubansa ɗan ƙasa ne. Ranar da ta fita takaba Jabiru ya zo da sabon kwaɗo, ya ce ya samu 'yan haya. Shekara shida ke nan tana suyar masar sayarwa a wani ɗaki a unguwar Khumra, bai taɓa leƙo ta ba sai shekaranjiya, da ya ji ana neman shaidar daɗaɗɗun mazauna.

Wani dattijo ya cinye mintinsa uku yana gaishe da kwamiti, ƙararrawa ta katse shi bai fara magana ba. Sai magatakarda ya duba iƙamarta, ya kira sunanta.

Ta tashi ba gaggawa, ta tsaya gaban lasifika, ta yi magana da Larabcin Jidda tsantsa.

"Ruwa ya shiga gidan nan sau uku. Na ƙarshe nan ya kawo mini." Ta ɗora hannu a ƙirji.

Jabiru ya zabura. "Tsufa ne, ta rikice! Ku zo ku ga bango, fes yake!"

"Zauna, ba lokacinka ba ne," in ji shugaban kwamiti.

"Fes yake mana, makon jiya ya sha fenti," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba. "Amma mijina yana da wata ɗabi'a. Duk inda ruwa ya tsaya, sai ya ja layi da ƙusa a siminti, bayan ƙofar kicin, ya rubuta shekarar. Fenti ba ya cike zanen ƙusa."

Injiniyan kwamiti ya sunkuya yana rubutu. Da ta koma wurin zamanta, Zubaidatu, tsohuwar maƙwabciyarta, ta kama mata hannu.

"Haba Bara'atu, nawa gidan fa yana layin."

 Bara'atu ta san da haka tun a mota, ta kuma tuna ko Zubaidatun ba ta ce uffan ba ranar da aka fito mata da tukwanenta titi. Ta zare hannunta a hankali.

Shugaban ya buga tebur. "Gobe ƙarfe tara za mu duba. Mai gida ya buɗe mana, Hajiya ta shiga ta nuna wurin."

A bakin ƙofa ta tarar da Jabiru, gumi ya jiƙa masa riga.

"Gidan Mahmudu kika kashe, Yaya."

"Na ga sunanka ne a takarda," ta ce. "Ka zo da makullin da wuri, ba na son tsayuwa a rana."